KAKAR ƘWALLO TA 1966: 'YAN MAKARANTAR DA SUKA CI GANA DA DARASIN DA KE CIKI GA ƘASAR GOBIR

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci shekarar 1966 a gaban kowane dattijo na ƙasar Sakkwato, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne daren 15 ga Janairu, cikin watan azumi, lokacin da wasu sojoji suka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firayim Minista Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da wasu manyan ƙasa. Wannan ba abin mamaki ba ne. To amma akwai wani abu da ya auku kwana 29 kacal bayan wannan ta'asa, wanda littattafan tarihin da ake koyarwa da su ba su cika waiwayarsa ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1966, wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗaliban makarantun sakandaren Nijeriya ta je har birnin Akra, wanda fatakenmu ke kira Ankara, ta ci takwararta ta ƙasar Gana ɗaya da nema. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙungiya daga Nijeriya ta ci ta Gana a cikin ƙasar Gana. Abin da ya ƙara wa labarin armashi a wurinmu shi ne, fitattun 'yan wasan wannan ƙungiya yaran Jihar Arewa ne.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan kakar wasa, a ga inda waɗannan yara suka fito da abin da suka zama daga baya, sa'an nan a dawo gida a yi tambaya: me ya sa ba a ji ɗuriyar yaran Isa da Sabon Birni a cikin irin wannan sahu ba, alhali ƙasarmu ba ta taɓa rasa ƙarfafan samari ba? Amsar da na samu, bayan shekarun da na yi ina aikin gwamnati da bin tarihin yankinmu, ita ce ƙwallon ƙafa a ƙasar nan ɗan rakiyar makaranta ne. Inda makaranta ta riga zuwa, nan ya riga zuwa. Inda ta makara, shi ma ya makara.

2.0 Wasannin da ƙwallo ya tarar a ƙasar Gobir

Kafin a shiga zancen ƙwallo, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da ake magana a kai. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a shekarar 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wani ɓangare na Gobirawa ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni a bakin Gulbin Rima. Isa kuwa ribaɗi ce ta gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma mai riƙe da ita shi ma Sarkin Gobir ake ce masa. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai Tsibiri da Madawa da Maraɗi suka faɗa wancan ɓangare, Isa da Sabon Birni suka zauna a Lardin Sakkwato. Ƙasa ce ta mayaƙa da manoma da masu doki, wadda ta daɗe da sanin darajar ƙarfin jiki.

Saboda haka wasannin motsa jiki ba baƙi ba ne a wurinmu. Da zarar an kawar da amfanin gona, sai dandali ya cika da 'yan kokawa, gari ya tashi ya tafi wani gari da makaɗansa. Dambe na mahauta ne, kuma duk wanda ya taɓa sauraron Ɗan Anace yana wasa Shago ya san matsayin da ɗan dambe yake da shi a ƙasar Sakkwato da Zamfara. Fulani suna da sharo, yara suna da langa, sarakuna da hakimai suna da sukuwa. A fadar Isa ma Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir Amadu, ya yi wa doki waƙa sukutum, wato Dokin Iska Ɗanfilinge. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗaukaka kokawa har ta zama wasan ƙasa: a 1975 suka fara gasar takobi a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗauka.

Sai dai akwai bambanci tsakanin waɗannan wasanni da ƙwallo, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Ɗan kokawa ba ya bukatar komai sai walki da abokin karawa da makaɗi, kuma a dandali yake koyo wurin yayyensa. Ƙwallo kuwa sai an tara mutum 22, an sayo ƙwallon da kuɗi, an auna fili, an kafa raga, an samo alƙali mai usur wanda ya san doka, an kuma tsayar da lokacin da kowa zai bar abin da yake yi ya zo. Wannan sai hukuma mai tsari. A zamanin Turawa masu irin wannan tsari su ne makaranta, da barikin soja da na 'yan sanda, da ma'aikatar jirgin ƙasa, da kamfanoni.

3.0 Yadda ƙwallo ya biyo sawun makaranta

Wasan ƙwallo na farko da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan na 'yan makaranta ne. An yi shi a Kalaba ranar 15 ga Yuni 1904, tsakanin ɗaliban makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle, ɗaliban suka ci 3 da 2. Mai karatu ya lura, a lokacin shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ashe ke nan tun ba a kafa harsashin makarantar boko a ƙasar Sakkwato ba, yaran Kudu sun riga sun iya tamaula har suna cin Turawa.

A Arewa, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma Turawan da suka koyar a can sun ɗauki wasanni da muhimmanci ƙwarai, domin a ganinsu a filin wasa ake koya wa yaro biyayya da haƙuri da aiki tare. Sun kawo ƙwallon ƙafa da kurket da hoki da guje-guje da tsalle-tsalle, da kuma ƙwallon bango wanda ake bugawa da tafin hannu. Sardauna, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, da wannan ƙwallon bango aka san shi har ƙarshen rayuwarsa. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Malaman da ta yaye su ne suka warwatsu zuwa makarantun Midil na larduna, ciki har da Midil ta Sakkwato, wadda ta rikiɗe ta zama Sakandaren Lardi, daga bisani Kwalejin Nagarta. Kowane ya tafi da alli a hannu ɗaya, usur a ɗaya hannun.

A nan ne matsalar yankinmu take. Yaron Isa ko Sabon Birni na wancan zamani, in ya gama elementare a gundumarsu, kuma Allah ya sa yana cikin 'yan ƙalilan da aka zaɓa, sai an ɗauke shi zuwa Sakkwato kafin ya ga fili mai raga da layi. Lardin Sakkwato faɗi gare shi, ga yawan jama'a, amma makarantun gaba da firamare a cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Iyaye da yawa kuma ɓoye 'ya'yansu suke yi in an zo ɗaukar yaran boko. Hanyar jirgin ƙasa, wadda ita ce ɗaya hanyar da ƙwallo ke bi, ta iso Kano a 1911, ta iso Ƙauran Namoda a 1929, ta tsaya nan. Gyaɗarmu da audugarmu sukan isa tasha a kan jakuna da raƙuma, amma ma'aikatan jirgi da akawunan kamfani masu kafa kulob ba su ƙaraso wurinmu ba.

A biranen da suka samu waɗannan abubuwa kuwa, ƙwallo ya yi ta bunƙasa. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya aka sake wa suna Kofin Ƙalubale. A 1953 ƙungiyar Kano ta ɗauki wannan kofi bayan ta ci Dynamos ta Ikko 2 da 1, ta zama ta farko daga wajen Ikko da ta yi haka.

4.0 Jos da kakar wasa ta 1965 zuwa 1966

Duk Jihar Arewa babu garin da ya kai Jos suna a ƙwallo a wancan lokaci, kuma dalilin a fili yake. Haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina: Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo da Turawa, ban da 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya isa can. Ga makarantun mishan, ga na En'e, ga na koyon kasuwanci masu zaman kansu, kowace da filinta, kowace tana neman ta fi 'yar'uwarta. Mu ma ba baƙin Jos ba ne. Iyayenmu sun yi cin rani a ramukan kuza, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an kwashi mutane da ƙarfi daga larduna zuwa haƙar kuza, abin da dattijai ke kira ɗiban gwamna. To amma lebura suka je yi, in damina ta matso su dawo gona. 'Ya'yansu ba su zauna a azuzuwan Jos ba, balle su shiga filayenta.

Tsarin ƙwallon makarantu a lokacin hawa-hawa ne. Yaro zai fara bugawa gidansu na kwana a gasar gida-gida. In ya yi fice a sa shi cikin ƙungiyar makaranta, a kara da makarantun maƙwabta. Daga nan a tsamo gwanaye su wakilci jiharsu, a kara tsakanin jihohi. Kofin Manuwa da Adebajo shi ne ya yi suna a wannan mataki. Daga cikin waɗannan ne ake tace ƙungiyar ƙasa ta 'yan makaranta, wadda ake kira Academicals, ita ce ke karawa da takwararta ta Gana. A kakar 1965 zuwa 1966 wannan tacewa ta fito da yara huɗu da suka taso a Jos da kewayenta: Isma'ila Mabo, da Tony Igwe, da Peter Anieke, da Sam Garba Okoye. Mabo da Igwe 'yan baya ne, Anieke da Sam Garba 'yan gaba. Sunan Sam Garba Okoye kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin garin da Jos take a lokacin: suna ɗaya ya haɗa na Bature da na Bahaushe da na Ibo.

Domin a gane nauyin abin da waɗannan yara suka yi, sai an san wace ce Gana a fagen ƙwallo a wancan zamani. Mu dai mun san ƙasar tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, da zangon Kumasi inda danginmu suka zauna. Amma a filin wasa ba ta yi mana zumunci ba. A 1955, tun ana kiranta Gwalkwas, ta ci babbar ƙungiyar Nijeriya 7 da nema a Akra. Bayan ta sami 'yanci a 1957, Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin makamin ɗaukaka ƙasarsa da baƙar fata baki ɗaya, ya zuba masa kuɗi, ya ɗora Ohene Djan a kan harkar wasanni. Sakamakon haka Gana ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka a 1963, ta sake ɗauka a 1965. Ke nan a ranar da yaranmu suka shiga filin Akra, gidan zakarun Afirka suka shiga, wata uku kacal bayan an kawo kofi na biyu.

Sa'an nan a dubi halin da suka baro gida. Sojoji sun karɓi mulki, Janar Ironsi ne shugaban ƙasa, Arewa tana cikin makoki, zukata sun fara ɓaci tsakanin ƙabilu. A cikin wannan yanayi ne Isma'ila da Tony da Peter da Sam suka sa riga iri ɗaya tare da takwarorinsu na Ikko da sauran sassan ƙasa, suka zura ƙwallo ɗaya, suka tsare gidansu har aka busa usur na tashi. Abin da manyan 'yan wasan ƙasa suka kasa yi shekara da shekaru, sai ga shi 'yan makaranta sun yi.

Murnar ba ta daɗe ba, domin siyasa ta sha gabanta. Kwana 11 bayan wasan, ranar 24 ga Fabrairu, sojojin Gana suka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyar tafiya ƙasashen Asiya. A nan gida aka yi tarzoma a biranen Arewa a ƙarshen watan Mayu, aka yi juyin mulki na biyu ranar 29 ga Yuli, aka yi kashe-kashe a watannin Satumba da Oktoba waɗanda Jos ma ba ta tsira daga gare su ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Wannan shi ya sa labarin wasan Akra ya nutse. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa kallon wasa.

5.0 Abin da yaran suka zama

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma rayuwar waɗannan yara huɗu ta gaskata wannan magana. Igwe da Anieke sun koma Ikko sun shiga ƙungiyar Stationery Stores ta Israel Adebajo, wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1967 da 1968. A gasar Olamfik ta Meziko a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Nijeriya ta je da Igwe da Anieke da Sam Garba. Japan ta ci mu 3 da 1, kuma Sam Garba ne ya ci mana ɗayan. A wasa da Barazil kuwa Nijeriya ta ci uku kafin hutun rabin lokaci, Anieke na cikin waɗanda suka ci, kafin Barazil ta farke aka tashi 3 da 3.

Mabo da Sam Garba sun yi suna a Mighty Jets ta Jos, ƙungiyar Alhaji Isiyaku Ibrahim, wadda ta zama zakara a gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Sam Garba ya rasu a haɗarin mota a 1978 yana da sauran ƙuruciyarsa. Isma'ila Mabo kuwa Allah ya ja zamaninsa ya zama mai horarwa. Shi ne ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar kofin duniya ta 1999 a Amurka, inda Barazil ta fitar da su 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. Ya rasu a watan Maris na 2023, Allah ya jiƙansa. Duk wannan tafiya daga filin makaranta ta faro.

6.0 Lokacin da ƙwallo ya iso gare mu

A shekarar 1966 ni yaro ne ƙarami, kuma ƙwallon da muka sani a lokacin shi ne na tsumma, ko kuma mafitsarar sa da muke roƙo wurin mahauta ranar kasuwa mu hura. Abubuwa sun fara sauyawa ne bayan da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Bayan yaƙi gwamnatin Janar Gowon ta ga cewa wasanni na iya ɗinke ɓarakar da aka samu, ta fara bikin wasanni na ƙasa a 1973, shekarar da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, kuma shekarar da Nijeriya ta ci Gini 2 da nema ta ɗauki zinare a wasannin Afirka a Ikko. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka kafa Ƙaramar Hukumar Isa, aka kuma ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Wannan shiri ya bukaci malamai masu yawa cikin gaggawa, don haka aka yawaita kwalejojin horon malamai da sakandarori. A wannan guguwa ce ni da tsararrakina da yawa daga Isa da Sabon Birni da Shinkafi muka shiga makarantun kwana.

Bari in bayyana yadda kakar wasa take a kwalejin horon malamai da na yi, domin malaman yanzu su kwatanta. Aikin farko ba buga ƙwallo ba ne, gyaran fili ne. Da damina ta ɗauke, sai a fito da mu da fartanya da tsintsiya mu tuge ƙarangiya da tsidau, domin yawancinmu ba takalmi muke bugawa. A ja layi da toka ko farar ƙasa, a kafa azara a matsayin turakun raga. Ƙwallon na fata ne mai robar ciki, ana ɗaure bakinsa da igiya, in ya fashe a kai wa baduku. A ɗakin ajiya na malamin wasanni yake kwana, ba ya fitowa sai bayan la'asar. Ana farawa da gasar gida-gida, inda kowane ɗalibi dole ya fito, in bai buga ba ya yi wa gidansu kirari. Daga nan malamin wasanni ya zaɓi ƙungiyar makaranta ya manna sunaye a allon sanarwa, ranar nan wasu ko abincin dare ba sa iya ci.

Wasan waje kuwa tafiya ce ta yini guda a bayan babbar motar makaranta, cikin ƙurar hunturu, a isa fari fat kamar an fito daga rumbu. Makarantar da ta karɓi baƙi ita ke ciyar da su, kuma abin kunya ne a ce an bar baƙi da yunwa ko da za a ci su a fili. In a gida ake wasan, mutanen gari sukan kewaye fili, hakimi ya aiko wakili, makaɗan kalangu su zo ba da gayyata ba, su riƙa wasa ɗan gaba kamar yadda suke wasa ɗan dambe. A kakar da na fi tunawa mun kai wasan kusa da na ƙarshe a shiyyarmu kafin aka fitar da mu, kuma har yau in na haɗu da waɗanda suka rage cikin abokan wasana, zancen ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutanen da fili ya haɗa. A ƙungiyarmu akwai Bagobiri mai tsage a kumatu daga Sabon Birni, akwai ɗan gidan sarautar Isa, waɗanda kakanninsu suka yi shekaru suna kallon juna ta bakin mashi. Akwai Bazamfare, da Bakabe, da Badakkare daga ƙasar Zuru. Wani ɗan hidimar ƙasa Bayarabe ya taimaka wajen horar da mu, kuma da ya gane Gobirawa taubasansa ne sai fili ya koma wurin barkwanci. Malamin wasanninmu kuwa mutumin Gana ne, cikin malaman ƙasar da suka cika makarantunmu a waɗannan shekaru kafin korar baƙi ta 1983. Daga bakinsa na fara jin labarin wasan Akra. Yakan kawo shi ne in ya ga mun tsorata da wata babbar makaranta, ya ce mana yaran da suka ci ƙasarsa har gida su ma 'yan makaranta ne kamarmu.

Waɗanda suka gama irin waɗannan kwalejoji su ne aka tura ƙauyuka su buɗe makarantun firamare, kuma su ne suka kai ƙwallo inda bai taɓa zuwa ba. Rediyo ya ƙarasa sauran aikin. Ranar 22 ga Maris 1980, da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka, wanda ya miƙa kofin shi ne Shugaba Shehu Shagari, tsohon malamin Midil ta Sakkwato. A 1985 kuma yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema a ƙasar Sin suka ɗauki kofin duniya. Sai da aka yi shekara 50 cif bayan wasan Akra kafin wani haifaffen Sakkwato, Shehu Abdullahi, ya samu lambar tagulla tare da ƙungiyar Nijeriya a gasar Olamfik ta 2016, ya kuma buga gasar kofin duniya a 2018. Wannan tazara ita ce ma'aunin jinkirin da muka yi.

7.0 Kira ga malamai da dattijai

Ba zai yiwu a yi wannan magana ba tare da an ambaci halin da yankinmu ya shiga ba. 'Yan bindiga sun tashi garuruwa, sun hana noma da cin kasuwa. A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan iyaka, ciki har da na yankinmu. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Duk ranar da aka rufe makaranta, ba aji kaɗai aka rufe ba, har da filin da yaron wannan gari zai san yaron wancan gari da suna. Samarin da ba su taɓa sa riga iri ɗaya ba, sauƙin zuga su a kan juna ya fi yawa.

Don haka ina roƙon malamai abu uku. Na farko, a riƙe lokacin wasanni da ke cikin jadawalin makaranta, kada a mayar da shi lokacin shara ko na tashi da wuri. Ƙwallo ɗaya da usur ɗaya sun isa a fara gasar aji-aji, a haɗa da kokawa da langa domin kada namu na gado su ɓace. Na biyu, a tsare filayen makarantu. Na ga wuraren da aka yanka filin wasa aka yi shaguna ko fulotai, kuma filin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan aikin hedimasta ne da ƙungiyar iyaye da malamai da masu unguwanni. Na uku, a tattara tarihi. A tsofaffin makarantu akwai littafin da shugaban makaranta ke rubuta abubuwan da suka faru kullum, kuma a cikinsa akan sami ranar wasa da sakamakonsa. A gidajen tsofaffin malamai akwai hotunan ƙungiyoyi a ƙasan adaka. A je a zauna da masu su, a rubuta sunan kowane yaro da garinsu da shekarar a bayan hoton, a kawo kwafi ga hukumar tarihi domin adanawa. Dattijan da suka buga ƙwallo a shekarun 1960 da 1970 kullum raguwa suke yi.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda ƙwallon ƙafa ya shigo ƙasar nan ta ƙofar makaranta, daga Kalaba a 1904 zuwa Katsina a 1922, da yadda garin Jos, saboda yawan makarantunsa da cuɗanyar jama'arsa, ya fitar da yaran da suka ci Gana a Akra ranar 13 ga Fabrairu 1966, a daidai lokacin da manya ke shirin raba ƙasa. An kuma ga cewa rashin yaran Isa da Sabon Birni a wancan sahu ba daga rashin ƙarfi ko basira ba ne, daga ƙarancin makarantu ne, domin da makarantun suka zo a shekarun 1970 yaranmu sun shiga fili kamar kowa. Abin da ya rage shi ne a buɗe makarantun, a tsare su, a bar yara su yi wasa, a kuma rubuta sunayensu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, amin.